Kukan ƙofar makaranta da rigimar cikin mota

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana yana da shekara 2 da wata 8, mun sa shi a nazare farkon zangon nan. Kullum da safe sai ya ƙanƙame min ƙafa yana kuka kamar ransa zai fita. Malamarsa ta ce in riƙa sulalewa idan ya shagala da wasa. Na gwada, amma abin ƙaruwa yake yi, yanzu ko banɗaki na shiga a gida yana tsaye bakin ƙofa. Ga shi kuma hutun nan za mu yi tafiyar awa 5 a mota da shi da yayarsa mai shekara 5, shi kuwa ko minti 20 ba ya yi a kujerarsa yake fara tsala ihu. Babansu ya ce a miƙa masa waya a huta. Ina mafita? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Daga gobe ki daina sulalewar nan. Malamar da kyakkyawar niyya ta faɗa, so take a rage kukan bakin ƙofa, amma ki duba abin ta ɓangaren yaron: yana cikin wasa, ya waiwayo, babu ke babu dalilinki. Abin da ya koya shi ne kina iya ɓacewa a duk lokacin da ya kawar da ido. To, don me zai sake kawar da idon? Tsaron ƙofar banɗakin da kike gani ke nan.

Ƙiwa da tsoron rabuwa da uwa ba ciwo ba ne. Sukan fara ne wajen wata 6 zuwa 8, su yi ƙarfi tsakanin wata 10 da 18, su riƙa lafawa yayin da yaro ke dosar shekara 3, amma sabon wuri yana iya tayar da su. Ɗanki bai san agogo ba. Idan kin ce “ƙarfe 12 zan dawo”, bai ji komai ba. Abin da ya sani shi ne wane abu ke bin wane. Saboda haka ki tambayi malamar yadda ranarsu take tafiya, ki ɗaura alƙawarinki a kan abu na ƙarshe da suke yi kafin tashi. Ki durƙusa har idonki ya yi daidai da nasa, ki ce: “Za ka yi wasa, ka ci abinci, ku yi waƙa. Kuna gama waƙa ina bakin ƙofar nan.” Ki rungume shi, ki sa hannunsa cikin na malama, ki juya ki tafi. Duka kada ya wuce minti ɗaya, kuma kalmomin su zama iri ɗaya kullum.

Zai yi kuka, wataƙila ma ya fi na jiya. Kada ki dawo daga bakin get don ƙarin lallashi, kada kuma ki laɓe jikin taga. Na ga iyaye mata da yawa suna leƙe ta tagar aji, su da kansu suna share hawaye, yaron ya riga ya yi shiru yana jera kwalaye, sai ya hango mayafin uwarsa a koma gidan jiya. Babban aikinki yana wajen ɗauka: a makonnin farko ki riga ƙararrawa isowa. Alƙawarin da aka cika yau, aka cika gobe, shi ne ke kashe kukan.

Idan makarantar ta yarda, ki bar shi ya tafi da wani ɗan abu daga gida, ko ƙaramin bargonsa ko ɗan hankicinki mai ƙamshinki. Wani likitan yara na Ingila, Donald Winnicott, ya yi bayani tun shekarun 1950 a kan yadda irin wannan abu yake tsaya wa yaro a madadin uwa har ta dawo. Ki kuma lura da barcinsa. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a yini da dare, har da na rana, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. Sau da yawa rigimar safe barci ne bai isa ba.

Tambayar da za ki yi wa malama ita ce: bayan na tafi, minti nawa yake yi kafin ya yi shiru, kuma yana wasa, yana cin abinci? Idan amsar mai daɗi ce, hankalinki ya kwanta. Idan kuwa an yi wata guda yana wuni yana kuka, ko ya daina ci, ko yana firgita da ganin wani mutum takamaimai, ki zauna da shugabar makarantar, ki kuma kai shi wurin likitan yara.

Batun mota ma kusan tushensu ɗaya: an ɗaure shi, bai san yaushe za a kwance shi ba. Ki yanka masa tafiyar kashi-kashi, “za mu yi waƙa, ka yi barci, sai mu tsaya ka yi gudu.” Ku tashi dab da lokacin barcinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce kada a bar yaro ƙasa da shekara 5 a ɗaure wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, don haka ku riƙa tsayawa akai-akai, ko da za ku isa a makare. Ki ɓoye wasu kayan wasansa tun mako guda kafin tafiya, masu laushi, ki riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, don in kin zube su gaba ɗaya cikin minti 10 duk suna ƙasan kujera. Yayarsa kuma ki ba ta muƙami, ita ce mai ƙirga jajayen motoci da mai zaɓen waƙa.

Ki duba ko ihun nasa tashin zuciya ne, domin yakan fara damun yara daga shekara 2. Can cikin kunne yana jin motsi, ido kuwa yana kan abin da ba ya motsi, sai jiri da amai su biyo baya. Idan kin ga yana hamma, yana gumi, ya yi laushi, a sauke gilashi kaɗan, ya kalli nesa. Nan ne na saɓa da maigidanki, don kallon waya yana ƙara wannan matsalar. Ban ce haramun ba ce, amma a ajiye ta sai ƙarshen tafiya idan dabara ta ƙare, kuma hukumar nan ta ce kallon allo kada ya wuce awa guda a rana ga ɗan shekara 2 zuwa 4.

Abu uku ne babu sassauci a kansu. Komai ihunsa, ba a ciro shi daga kujerarsa a ɗora a cinya mota tana tafiya, sai dai a nemi wuri a tsaya. Wurinsa kujerar baya, nesa da jakar iskar gaba, wato airbag, mai kumbura idan an yi karo. Abin ci mai tauri kuma a bari sai an tsaya, saboda shaƙewa, musamman idan babu babba kusa da shi. Idan kun tsaya ɗin, ko barci yake yi a fito da shi, domin jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, mota a rufe kuma cikin mintuna kaɗan take turara.