Boris ɗin da na ji kukansa ban rubuta ba

Kai yaro, na ga saƙonka tun daren jiya. Ban amsa ba ne don raina ya ɓaci, kuma ba da kai nake ba. Ka ce me ya sa na nace sai an tsayar da injin ledar nan na Kudenda, a Kaduna, an canza masa boris, zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da sandar inji ke juyawa a cikinsa, alhali yana aiki lafiya lau, mai kamfani yana ta ƙorafin za a kashe masa wuni, ba gara a bar shi ya tsaya da kansa ba tunda yau ko gobe kuɗin boris ɗin ɗaya ne. Wannan magana taka, ba ragi ba ƙari, wani Alhaji ya taɓa faɗa mini ita yana zaune a bayan mota, gilashi a sauke rabi. Har gobe in hanya ta bi da ni ta ƙofar kamfaninsa sai na kau da kai.

Kuɗin boris ɗaya ne, ka yi gaskiya. Amma boris ba ya mutuwa shi kaɗai, sai ya ja wani sun tafi tare.

Kamfanin shinkafa ne, a bayan gari. Ina da yarjejeniya da su, duk mako ina zuwa in duba injina, ƙarshen wata a biya ni. Ana saura kwana goma Sallah ƙarama, tireloli na layi a waje, injin goge shinkafa yana yin awa 20 a rana. Moton da ke jansa mai kilowat 55 ne, yana juyi wajen 1,480 a minti. Ka ɗauki wayar nan da ba ka rabuwa da ita ka buga lissafi: juyi 1,776,000 ke nan kullum a kan boris biyu. Na ɗora bakin dogon sukundireba a kan murfin boris na gefen fuli, wato gargaren da bel ke hawa, na sa ƙotar a kunne. Lafiyayyen boris shuu yake yi, kamar yayyafi a kan kwano daga nesa. Wannan kuwa kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana girgizawa. Na ɗora tafin hannu a murfin, ban kai ƙirga uku ba na ɗauke. Duk ƙarfen da hannunka ya kasa zama a kansa ya haura digiri 60, kuma mako guda kafin nan da na taɓa wurin ɗumi ne kawai.

Na tare Alhaji zai fita. Na ce ranka ya daɗe, a ba ni awa huɗu bayan asuba in sauke boris ɗin nan, mai lamba 6314 ne, akwai shi a gari. Ya dube ni ya ce, “Malam, inji yana aiki ko ba ya yi?” Na ce yana yi. Ya ce, “To ka bar shi sai bayan Sallah. In ya tsaya ma canza, ai kuɗin ɗaya ne.” Gilashi ya hau sama, direba ya ja mota.

Daga nan laifi ya zama nawa, kuma ban taɓa faɗa wa yaron shago wannan ba sai kai. Na koma ciki na ɗauki famfon giris na ɗura wa boris ɗin har giris ya fara tsattsafowa ta gefe. Ƙarar ta lafa. Na san sarai ba magani na yi ba, bakinsa na toshe. Giris in ya cika gidan boris taf, ƙwallayen sai su yi ta dama shi, zafi ya ƙaru, man da ke cikinsa ya tsiyaye ya bar tuƙa. Sulusi zuwa rabin gidan ake cikawa, wannan ko wanda ya yi wata uku a shago ya sani. Na yi ne don in sayi kwana goma. Sannan na hau babur na tafi gida ban rubuta ko harafi ɗaya ba.

Abin da ban sani ba, akwai wani ɗan ’yar'uwar Alhaji da aka ba manaja, yaro mai takarda, bai taɓa riƙe sifana ba sai a hoto. Bel yana zamewa yana kuka, sai ya sa lebura ya ɗaure shi tamau kamar tsirkiyar baka. Boris mai ƙwallo yana da wani hali da ya kamata ka haddace: in ka ninka nauyin da ke kansa sau biyu, kwanansa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas yake komawa. Bel ɗin da aka ɗaure fiye da kima nauyi ne a wuyan boris dare da rana. Da moto ya fara jan wuta fiye da amfiya 100 ɗin da ke rubuce a farantinsa, obalod, na'urar da ke yanke wa moto wuta in ya ja fiye da kima, ya rinƙa katse shi. Wato mai gadi yana ihu ɓarawo ya shigo. Sai manaja ya buɗe akwatin wuta ya murɗa obalod ɗin har ƙarshe don ya daina damunsa.

Dare na shida, wajen ƙarfe biyu, kejin da ke riƙe ƙwallayen boris ya tarwatse. Shaf, wato sandar da ke juyawa, ya sauka, rota, ɓangaren moto mai juyi, ta fara gugar jikin koyil, naɗin wayar da ke kewaye da ita, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin tsinken ashana ba. Leburan da ke wurin ya ce ya ga tartsatsi shuɗi sannan hayaƙi. Ka tuna wurin cike yake da ƙurar dusa da ɓuntu. Allah ne ya tsare, da wani labarin ake ba da wannan ba. Da gari ya waye na zo na buɗe, warin ƙonannen koyil ya doke ni tun daga ƙofa. Zoben cikin boris ya narke ya manne da shaf, wurin ya yi shuɗi kamar wuyan tattabara. Awa huɗun da na roƙa ta koma kwana tara: a kai moto wajen mai rewaya ya sake naɗa masa waya, a kai shaf Panteka wajen masu injin sassaƙa ƙarfe su cike su feƙe shi ya dawo milimita 70 daidai, a nemo sabon fuli. Tireloli suka juya suka tafi wani kamfanin. Sallah ta wuce inji a kwance.

Alhaji ya tara ni da manaja da akawu da wasu baƙi biyu da ban san me ya kawo su ba. Na ce ranka ya daɗe ai na gaya maka. Ya ce, “Ni? Yaushe?” Na ce a bakin get, kana cikin mota. Ya juya ya tambayi direba, direba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Sai manaja ya zaro waya ya nuna hoton giris ɗin da ya tsattsafo, ya ce ga aikin injiniyanku nan. Ka ga yadda abin da na yi don in rufa musu asiri ya zama igiyar da aka ɗaure ni da ita. Aka riƙe kuɗin aikina na wata huɗu. Wannan na yafe, ko in ce na haƙura. Abin da ban yafe ba, fula mai ƙafa uku da nake cire boris da ita tana cikin sito, aka ce sai an gama bincike. Ta maigidana ce, wanda ya koya mini aiki, shi ya ba ni ita da hannunsa ranar da ya yi ritaya, harafin sunansa na nan a jiki da ya buga da kurfi. Shekara nawa yanzu ana bincike. Na ji an ce wani yaro yana amfani da ita yana dukanta da guduma.

Shi ya sa kake ganin littafin nan mai baƙin bango a jakata, kake dariya kai da abokanka kuna cewa Oga ya koma ɗan makaranta. A Kakuri na tashi, a masaƙa na koyi aiki, lokacin da in aka busa jiniyar canjin aiki kekuna ke toshe titi. Unguwar da aka kafa masaƙar KTL tun 1957, inda Peugeot ta fara haɗa motoci a 1975, ba a wasa da inji a can. Kowane inji da katinsa a rataye: ranar da aka sa giris, wane iri, wa ya sa, me ya ji, me ya gani. Heluma in ya zo kati yake fara dubawa kafin ya amsa gaisuwarka. Na san wannan tarbiyya, na bar ta rana ɗaya don ina jin kunyar mai kuɗi, ka ga abin da ta jawo. Yanzu ko gwamna ne mai kamfani, in na ce a tsaya ya ce a'a, sai na rubuta kwanan wata da abin da na ji da abin da zai iya biyo baya, in miƙa masa biro. Da yawansu da sun ga biro sai su ce to a tsaya ɗin. Ba wanda ke son sa hannu a ƙarƙashin kalmar gobara.

Kada kuma ka ɗauki maganata ka je kana kwance injinan mutane don nuna ƙwazo. Ba komai ake canzawa kafin ya mutu ba. Ƙwan fitilar sito, bar shi ya mutu, me zai ci? Famfon ruwa da ke da na biyu a gefensa, kana iya barinsa, muddin ka tabbata na biyun yana tashi, don na sha ganin na ajiya da ya riga na aiki mutuwa ba wanda ya sani. Abin da nake tambayar kaina a gaban kowane inji shi ne in wannan ya mutu yau da dare, wa zai ja, kuma kwana nawa kafin a samo madadinsa. In amsar ta haɗa da hannun mutum ko wuta, to babu ciniki. Injin ledar nan shi kaɗai ne a kamfanin, giyabos ɗinsa ba a samunsa a Kaduna, kuma na ji muryarsa ta canza tun makon jiya. Kai da ka tsaya kusa da shi awa biyu ba ka ji ba, saboda abin nan yana toshe a kunnenka.

Wani injiniya da ya taɓa yi mana kwas ya ba mu labarin binciken da ma'aikatan kamfanin jiragen United Airlines biyu, Nowlan da Heap, suka fitar a Amurka a 1978. Sun gano kashi 11 cikin ɗari ne kawai na kayan jirgi ke lalacewa saboda tsufa, kashi 68 kuwa sun fi lalacewa ne daidai bayan an sa su sababbi ko an kwance an mayar. Da ya faɗa, samarin ajin suka yi ta mamaki. Ni ban yi ba. Duk tsohon mai gyaran inji ya san hannun makaniki yana kashe inji kamar yadda sakaci ke kashe shi: a buga boris da guduma maimakon a ɗumama shi zuwa digiri 110 ya shige da kansa, a ajiye shi a buɗe cikin ƙurar hunturu ana hira, a gauraya giris iri biyu da ba sa shiri su tsinke su zama ruwa, ko a sayo jabu mai sunan babban kamfani a kwali don an sami ragin da za a sa a aljihu. Ba kalanda ce ke gaya mini in buɗe inji ba. Kunne da tafin hannu da mitar amfiya ne, sai littafin da ke gaya mini yadda yake makon jiya. In ba ka san lafiyarsa ba, ta yaya za ka gane ciwonsa?

Bayan abin ya lafa na zauna ni kaɗai na yi irin abin da ’yan Toyota ke yi a Japan, wanda Taiichi Ohno ya shahara da shi, a tambayi “me ya sa” har sau biyar. Moto ya ƙone don rota ta goga. Ta goga don boris ya fashe. Ya fashe don an ɗaure bel tamau a kan boris mai ciwo. An ɗaure bel don yana zamewa. Yana zamewa don ramukan fulin sun cinye, bel ya nutse har ƙasa yana sheƙi. Kuma wa ya kamata ya ga fulin nan wata biyu kafin nan? Ni. Na gani ma, na ce sai wani zuwan. Wannan ban faɗa wa Alhaji ba, kuma ba zan faɗa masa ba, tunda shi ma bai faɗi nasa ba.

Yadda ake sauke boris da daidaita fuli ba zan ɓata bakina a kai ba, shekararka biyu kana kallona, in ba ka iya ba sai ka koma sayar da katin waya. Abu ɗaya ne zan maimaita don na ga kuna raina shi: kafin hannunka ya shiga cikin inji, ka kashe babban makunni, ka sa kwaɗonka, makulli a aljihunka, sannan ka danna maɓallin tashi ka tabbatar bai tashi ba. Ba “na gaya wa mai gadi kada a kunna” ba. Ni ma ai na gaya wa Alhaji.

Gobe ƙarfe bakwai ka same ni a Kudenda. Ka biya ka sayi littafi mai layi da biro biyu, kai za ka rubuta na injin ledar, ni in duba. Ka zo da sifana mai lamba 19 da ka ara tun kafin azumi, kada ka ce ka manta, na gan ta a but ɗin babur ɗinka.