Keke marar giya don zuwa kasuwa: abin da na gani a hanya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun daren jiya, inda ka ce kuɗin adaidaita sahu daga Kurna zuwa Kantin Kwari ya fara cinye maka ɗan abin da kake samu, kana son keke marar giya mai sauƙin kuɗi, amma ka rasa ko sabo za ka saya ko na hannu. Na bari sai da na natsu kafin in amsa, domin maganar ta shafe ni. Tun bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 na ajiye babur ɗina na koma keke, kuma da shi nake zuwa Kwari daga Dorayi kusan kullum, rani da damina.

Da farko ka yi dabara da ka ce marar giya. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne. In ka cire Dala da Goron Dutse, hawan da za ka tarar a hanya bai wuce na gadojin sama da na ƙasa ba, su kuwa da ɗan miƙewa a kan feda ka wuce su. Mutumin Jos zai iya cewa sai da giya, mu ba mu da wannan uzurin.

Ni da mai giya na fara, kuma na ji jiki. Na shiga wani shago na ga wani keke yana walƙiya, ja da baƙi, giya gaba da baya, har da sifirin a gaba da ƙarƙashin sirdi, farashinsa kuma bai kai na baƙin keken gargajiya ba. Na biya ina murna. Wata biyu ba su cika ba sarƙa ta fara tsalle. Mai gyara ya saita yau, jibi ta koma. Wata safiya ina gangarowa daga Gadon Ƙaya, ƙarfen nan da ke canja giya a baya ya lanƙwashe ya shige cikin wayoyin taya, tayar ta tsaya cak. Allah ne ya kiyaye babu mota a bayana. Wayoyi huɗu suka tsinke, gwiwata ta goge, ranar a ƙafa na tura shi har wajen mai gyara. Dattijon ya juya keken sama, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce mini irin wannan ƙarfen ba ya da shi, wanda zai samo ma ba zai fi na farkon ƙwari ba. A nan na gane inda arhar take: kuɗin da za a yi keke mai sauƙi mai ƙwari da shi, shi aka rarraba a kan giya da sifirin, kowanne ya fito rabi-rabi.

Don haka shawarata ta farko, kafin ka je wajen 'yan keke, ka fara zuwa wajen mai gyaran keken da ya fi kusa da gidanku. Ka gaishe shi, ka zauna a bencinsa, ka duba abin da ya rataye a rumfarsa. Wane girman taya yake da shi? Wace irin sarƙa, wane irin birki? Keken da kayansa ke rataye a wannan rumfar shi ne naka. Keke abin gyara ne, yau faci, gobe boris, jibi sarƙa, kuma ranar da ya tsaya maka a Titin Katsina ba sunan kamfanin da ke jikinsa ne zai kai ka kasuwa ba.

Kekuna marasa giya da za ka tarar kusan kashi biyu ne. Akwai baƙin keken iyayenmu mai taya inci 28 da birkin ƙarfe, irin samfurin Raleigh na Nottingham a Ingila, wanda har haɗa shi aka yi a nan Kano a da. Yanzu masu wannan siffar su ne irin su Phoenix na ƙasar Sin, da Hero da Avon na Indiya. Nauyi gare shi, yakan kai kilo 20, amma yana ɗaukar kaya, babbar tayarsa na shanye ramuka, kuma babu mai gyaran da bai san cikinsa ba, daga birni har ƙauye. Sai kuma na hannu da ake shigowa da su daga waje, yawanci masu taya inci 26, marasa nauyi sosai, wasu da kwando a gaba da murfin sarƙa. Irin wannan nake hawa yanzu, kuma in dai jikinsa lafiya lau ne, na fi son shi a kan sabo mai arha, domin ƙarfensa da boris ɗinsa sun fi inganci. In kana da niyyar ɗaura dila ko buhu a baya, ka ɗauki baƙin. In kai kaɗai ne da 'yar jakarka, na hannun zai fi maka daɗin hawa cikin cunkoso.

Akwai tarko guda a maganar taya da ya kama mutane da yawa. Taya biyu ne ake kira 28, kuma ba sa shiga rim ɗin juna. Na baƙin keke za ka ga an rubuta 28 x 1½ ko lamba 635 a gefensa. Na wasu kekunan Turai kuwa 622 ne, ko 700C. Lambobin nan girman rim ne, bambancinsu milimita 13 ne kacal, amma ko da ƙarfin tsiya ba zai zauna ba. Ka durƙusa ka karanta lambar da ke gefen tayar kafin ka biya, ka tabbatar ana samunta a kasuwa. Na inci 26 ma suna da irin wannan rikicin, 559 da 590 duk 26 ake ce musu. Ka duba bakin da ake ba da iska: mai kauri irin na mota ya fi, domin kowane mai faci a bakin titi zai iya ba ka iska. Siririn nan na kekunan tsere sai da famfonsa na musamman.

In na hannu za ka saya, je da rana, kada ka yarda da duba keke da magariba. Sabon fenti kada ya ruɗe ka, shi ne ma ya kamata ya sa ka ƙara buɗe ido. Ka shafa yatsa a ƙarƙashin bututun da ke gangarowa daga wuyan keken, daf da inda suka haɗu. In ka ji ƙulli ko tattara, ko ka ga waldar gyara, wannan keken ya taɓa yin karo, ka bar shi ko nawa aka rage maka. Ka tsaya a gefe ka kalli ƙafafuwan da ke riƙe da tayar gaba, kada su zama sun ja baya. Ka ɗaga kowace taya ka juya ta kana kallon tsakaninta da robar birki: ɗan kaɗawa mai gyara zai daidaita, amma rim da ke rawa sosai ko ya lotsa sai canji. Ka kama feda ka girgiza ta gefe da gefe, ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya ka ji ko wuyan na ƙwanƙwasa. Sannan ka kwance sirdi ka ga yana hawa yana sauka, domin wanda tsatsa ta riƙe wahala ce babba. Taya da tub da sarƙa da robar birki duk masu ƙarewa ne, lalacewarsu dalilin neman ragi ne kawai. Jikin keken ne ke da wuyar gyaruwa.

Girma kuma kada ka yi wasa da shi. Ka tsaya keken na tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ya zama akwai ɗan sarari tsakaninka da ƙarfen sama. Ka hau sirdi, ka sa dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa. Wanda ba shi da ƙarfen sama, da ake cewa keken mata, ni ban ga abin kunya a cikinsa ba. Mai sa doguwar riga zai fi kowa jin daɗinsa, hawa da sauka a cunkoson Kwari ba tare da ɗaga ƙafa sama ba. Murfin sarƙa ma haka, na san yadda baƙin mai ke yi wa farar shadda ranar Juma'a.

Tunda giyar ɗaya ce, dole ta dace da ƙafarka. Ka ƙirga haƙoran babban faifan da ke wajen feda da na ƙaramin da ke tayar baya. Yawanci za ka samu 44 a gaba, 18 ko 20 a baya. A babbar taya, 44 da 18 na kai ka kamar mita biyar da rabi a kowane zagayen feda, 44 da 20 kuwa ƙasa da mita biyar kaɗan. Na farkon ya fi gudu in titi ya buɗe, amma tashi daga tsaye da shi akwai nauyi, kai kuma a hanyarka tsayawa da tashi za ka yi ta yi saboda 'yan adaidaita. Ni 20 na sa, gwiwoyina sun huta, musamman da azumi. Canja ƙaramin faifan ba shi da tsada, sai dai a ƙara wa sarƙa tsawo kaɗan. Ka kuma tabbatar in ka daina taka feda keken na ci gaba da tafiya. Akwai wani iri da samari ke yayi a ƙasashen waje wanda fedarsa ba ta tsayawa muddin taya na juyawa, wannan ba na titunanmu ba ne.

Birki shi ne abin da ba na sassauci a kansa. Rim na ƙarfe mai ƙyalli in ya jiƙe, birki ba ya kama shi da wuri, sai taya ta zagaya sau da yawa kafin ka ji ya riƙe. Na alminiyam ya fi kamawa cikin ruwa. In baƙin keken ka zaɓa, tunda rim ɗinsa na ƙarfe ne, a watan Agusta ka riƙa rage gudu tun daga nesa, kana ɗan taɓa birkin yana share ruwan. Gaba da baya duka su yi aiki, kada mai sayarwa ya ce maka na baya ya isa.

Kada ka zuba duk kuɗinka a kan keken. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don sabbin tub, ƙwado da sarƙar ɗaurewa mai kauri, fitila fara a gaba da ja a baya, da kuɗin mai gyara ya buɗe tayoyi da wajen feda ya wanke ya sa sabon giris. Fitilar bayan nan ta fi komai muhimmanci in za ka dawo bayan magariba, domin direban da ke bayanka ba ya ganin ka sai ya zo daf. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar da aka buga a jikin keken, yawanci tana ƙarƙashin wajen feda ko kusa da sirdi. Wanda ya ƙi ba ka rasit, ko farashinsa ya faɗi ƙasa fiye da kima, ka tafi abinka, kayan sata ba abin kaiwa gida ba ne.

Lokacin hunturu ƙura ce babbar abokiyar gabar sarƙa. Duk mako nakan goge tawa da tsumma, in ɗiga mai kaɗan, in sake gogewa. Mai da yawa ƙasa yake kamawa ya zama kamar dutsen niƙa. Iskar taya kuma ka duba ta duk safiya da babban yatsa, taya mai laushi shi ke jawo yawan faci.

Makon farko cinyoyinka za su yi tsami, wajen zama ma haka. Ka fara da zuwa kwana uku a mako, ka fita da sassafe kafin rana ta ɗaga da titi ya cika, ka ajiye riga guda a shago don canjawa. In ka ga wanda ya kwanta maka a rai, ɗauko hotonsa ta gefe da na lambar tayar ka turo kafin ka biya, in sha Allahu zan duba maka.