Me za mu kira ɗan akwatin da ke kai waƙa daga waya zuwa tsohuwar rikoda?

Tambaya: Malam, ina da saitin rikoda ƙirar Japan, da amfilifaya da manyan lasifikoki biyu, tun zamanin kaset nake amfani da shi, har yau muryarsa garau. Ɗana ya sayo mini wani ɗan akwati da bai cika tafin hannu ba, ya jona shi a bayan amfilifayar. Yanzu karatu da waƙoƙin da ke cikin wayata a lasifikokin nan suke fitowa, ba igiya a tsakani. Na tambaye shi sunan abin da Hausa, ya ce babu. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yaron albarka. Amma a nan ya yi gaggawa. Hausa ba ta taɓa rasa sunan da za ta ba na'urar sauti ba. Da garmaho ya zo, sai aka dubi baƙin abin nan mai faɗi da ake ɗora masa allura, aka ga kamarsa da faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi, aka ce faifai, kuma sunan ya bi CD da bidiyo har yau. Lasifika aro ce daga Turanci, amsa-kuwwa kuwa tamu ce ta gida, duka biyun suna aiki. Saƙon da ke tafiya ba tare da igiya ba, tun zamanin Turawa aka raɗa masa wayar iska.

Kafin suna, a san aikin abin. Tsohuwar amfilifaya ba ta fahimtar komai sai sautin da ya zo mata ta igiya. Waƙar da ke cikin waya kuwa lambobi ce zalla. Ɗan akwatin shi ne yake karɓar lambobin ta iska, ya mayar da su sauti, ya miƙa wa amfilifaya ta igiyar nan mai kai biyu, ja da fari. Jan na lasifikar dama ne, farin na hagu.

Idan ka je kasuwa, mai shago zai ce maka adafta, ko risiba, ko ya ce bulutut kawai. Duka ana gane su, kuma ba na ƙyamar kalmar aro da ta zauna a bakin mutane. Sai dai adafta ta riga ta zama sunan abin da ake soka wa a bango don caji, risiba kuma ta tafi wajen tauraron ɗan'adam. Ni a rubutu na fi son mahaɗin sauti. Hausa na da tsohuwar hanya ta ƙera sunan kayan aiki, a sa “ma” a gaba, “i” a ƙarshe: buɗe ya ba mu mabuɗi, rufe ya ba mu marufi, duba ya ba mu madubi. Haɗa ya ba mu mahaɗi, kalmar da kowa ya sani. Wanda yake son ƙarin bayani sai ya ce mahaɗin sauti na iska. Ina guje wa “marar waya”, domin a yau waya na nufin igiyar ƙarfe, tana kuma nufin salula. In ka ce abin da ke haɗa waya da rikoda ba waya, ka rikita mai sauraro.

Bluetooth kuwa laƙabin wani sarkin Denmak ne mai suna Harald, wanda ya yi mulki a ƙarni na 10, ake tunawa da shi a kan haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Kamfanoni biyar, Ericsson da Nokia da Intel da IBM da Toshiba, su suka kafa ƙungiyar wannan fasaha a 1998, sunan sarkin ya zauna mata. Suna ne na yanka, ba a fassara shi.

Tambaya: Malam, na sayi irin wannan mahaɗi mai sauƙin kuɗi don rediyon falona. Maƙwabciyata ta gani ta ce “araha ba ta ado”. Me karin maganar ke nufi, kuma ta dace da nan?

Amsa: Hajiya, karin maganar ta fito daga duniyar sutura. Atamfar da aka saya da ɗan kuɗi kaɗan takan zuba a wankin farko, ba a zuwa biki da ita. Ma'anarta ita ce, wanda yake son abin fita kunya kada ya bi araha. A lura da kalmar da magabata suka zaɓa: ado suka ce. Ba su ce araha ba ta aiki ba, ba su ce ba ta biyan buƙata ba. Mutane da yawa suna jan karin maganar har ta zama hukunci a kan duk wani abu mai sauƙin kuɗi, wannan kuwa ɗora mata kayan da ba nata ba ne. Mahaɗin sauti a bayan amfilifaya yake ɓuya, baƙo ma ba ya ganinsa. Abin tambaya a kansa shi ne ko yana fitar da murya yadda ya kamata.

A wannan fagen araha ta sha ba da mamaki. A 2015 Google ya fitar da wani mahaɗin sauti mai suna Chromecast Audio a kan dala 35, ya daina yin sa a 2019, amma masu son sauti ba su daina nemansa a hannun 'yan gwanjo ba. Bayansa irin su WiiM Mini suka shigo wannan gurbi. Waɗannan da Wi-Fi suke aiki: akwatin da kansa yake ɗauko waƙar daga intanet, wayarki umarni kawai take bayarwa, don haka ko an kira ki waƙar ba ta tsayawa. Sharaɗin shi ne a sami Wi-Fi a gidan da isasshen data. Na Bluetooth ya fi araha, ba ya buƙatar intanet in waƙar na cikin waya, amma zangonsa kamar mita 10 ne, bango na rage shi, kuma yana matse sautin kafin ya aika. Faifan CD na fitar da kilobit (ma'aunin yawan bayanan sauti) 1,411 a daƙiƙa, hanyar Bluetooth ta gama-gari kuwa ba ta cika wuce 328 ba. A falon da fanka ke juyawa, janareta na ruri a waje, kunnuwa kaɗan ne za su kama bambancin.

Inda araha ke tona asirin kanta daban ne. Wani mahaɗin za ki ji yana wani zuuu a ƙarƙashin waƙa, musamman in an yi shiru tsakanin waƙa da waƙa. Sau da yawa laifin na caja ne, a canza ta da mai kyau a gani. Wani kuma in an haɗa shi da talabijin, bakin mai magana ya riga muryarsa. Kuma a kula da ramin da aka soka igiyar: a sa ta inda aka rubuta AUX ko TAPE ko CD. Ramin PHONO na garmaho ne, yana ƙara ƙarfin sauti ninkin-ba-ninkin, in aka sa a nan murya za ta fashe, a ɗora wa mahaɗin laifin da ba nasa ba.

In maƙwabciyar na son karin maganar da ta fi dacewa, ga ta: “sayen nagari, mai da kuɗi gida”. Ita nagarta take aunawa, ba farashi ba. Akwai kuma “wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa”, wadda ta dace da wanda ya ɗauki mafi arahar da ke kan tebur bai ce a gwada masa ba. Ki sa mai shago ya jona shi a lasifika a gabanki, ki tsayar da waƙar, ki saurari shirun.

Tambaya: Malam, na ga ana rubuta “yawo da kiɗa” a wasu shafuka, ana nufin sauraron waƙa ta intanet ba tare da an sauke ta ba. Daidai ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba daidai ba ne, kuma abin yana damuna. Bahaushe in ya ji yawo da kiɗa, maroƙi zai gani da kalangu yana bin gidaje. Mutanenmu sun riga sun raba abin da kyau: “na sauke” in waƙar ta zauna a waya, “tura mini” in daga waya zuwa waya ne. Na ukun sai a ce sauraro ta intanet. “Kai tsaye” a bar wa abin da ake yi a daidai lokacin, kamar wasan ƙwallo ko tafsiri, domin waƙar da ke Spotify ko Audiomack an daɗe da naɗar ta.