Filin Tambayoyin Masu Karatu: Nawa zan taya Marsandi 380SL ƙirar 1982?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar albasa a Mile 12, ina zaune a Agege. Tun ina yaro nake sha'awar Marsandin nan mai ƙofa biyu wadda ake buɗe rufinta. Kwanan baya wani dillali ya kai ni wani gida a Ikoyi, na ga 380SL ƙirar 1982, fara, shigowar Amurka. Tun rasuwar mai ita take ajiye. Magada sun ce naira miliyan 30. Dillalin ya nuna mini a waya yadda aka sayar da irinta a Amurka da daloli masu kauri, ya ce na tsinci dami a kala. An sa mata batir ta tashi, fentinta na sheƙi, mitarta ta nuna mil 62,000. Don Allah mene ne kuɗinta na gaskiya?
Daga mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Ba a cinikin biri a sama, don haka ba zan yanke maka adadi a kan motar da ban leƙa ƙarƙashinta ba. Amma zan ba ka hanyar da nake bi, kuma da ita za ka fitar da adadin da kanka: kuɗin lafiyayyar irinta, a debe abin da za ka kashe kafin wannan ta zama lafiyayya. Abin da ya rage shi ne tayinka.

Fara da hoton da dillali ya nuna maka. Ka ce ya sake buɗewa, ka karanta lambar da ke bayan but ɗin. Ina kyautata zaton 560SL ce. Mercedes-Benz ta yi wannan siffar, wadda ake kira R107, daga 1971 har 1989, kuma a ido kusan duk ɗaya suke, amma a kasuwa da bambanci mai nisa. 560SL, ta 1986 zuwa 1989, ita ce ta fi daraja a cikin waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, ƙarfinta doki 227. Taka kuwa, 380SL ta Amurka, doki 155 ne, kuma tana cikin masu araha a dangin. Kamfanin Hagerty na Amurka, mai inshora da kimanta farashin tsofaffin motoci, yana kasa su mataki huɗu, daga na ɗaya, wadda ake kaiwa gasar nuni, zuwa na huɗu, wadda ke tafiya da lahaninta a bayyane. Ka duba farashin 380SL a mataki na uku da na huɗu a shafinsu na intanet, sannan ka duba cinikin da aka riga aka sallama a Bring a Trailer, shafin gwanjon motoci na intanet. Wanda aka sallama nake nufi, domin abin da mai kaya ya faɗa da bakinsa fata ne kawai.

Ko bayan haka, kada ka ɗauki dala ka ninka da canjin yau ka ce ga farashin Legas. A can masu nema da yawa, nan kuwa 'yan tsiraru ne, ranar da ka so sayarwa sai ka yi watanni kana jira. Abu ɗaya ne ke gefen magada, kuma adalci ne in faɗe shi: dokar kwastam ta iyakance shekarun motar da ake shigowa da ita, wannan ta wuce iyakar nesa ba kusa ba. Wadda ta riga ta shigo da takardunta cikakku tana da ƙarin daraja saboda haka.

Inda nake so ka ɓata lokaci shi ne bodi. Tashin injin da ya burge ka shi ne mafi ƙanƙantar shaida. Injin ana gyarawa, tsatsa kuwa cinye mota take yi daga ciki, kuma Ikoyi tana tsakanin ruwa, ga iskar gishiri, ga ambaliyar damina. Irin wannan motar tana da wurin da ta fi ruɓewa: bangon ƙarfen da ke tsakanin injin da cikin mota, ƙarƙashin murfin fankar iska, gaban gilashi. Ramukan da ruwa ke bi su kan toshe, ruwa ya kwanta a wurin shekara da shekaru. A kwance murfin a haska da tocila. Ka ɗaga kafet ɗin ƙafar direba da na fasinja ka taɓa, in da danshi ko warin rima, ruwan ya riga ya sami hanya. Ka duba wuraren da ake sa jak, da ramin safaya taya a but. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka naɗe shi a ƙyalle, ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da shi. Duk inda ya ƙi kamawa, fila ce fanalbita ya cusa aka bi da fenti. Sabon fenti a kan motar da ta yi shekaru a ajiye ya fi tayar mini da hankali a kan wanda ya koɗe. In bangon nan ya ɓule, Alhaji, shawarata ka haƙura da ita ko da an raba kuɗin biyu, don sai an tuge gaban motar gaba ɗaya kafin a kai ga wurin, kuma masu iya wannan waldar da kyau ba su da yawa.

A injin, tambaya ɗaya ta fi sauran. 380SL ta Amurka daga 1981 zuwa 1983 ta zo da sarƙar taimin (mai daidaita motsin bawul da fistin) mai layi ɗaya, wadda aka san ta da saurin saki, daga 1984 kamfanin ya koma mai layi biyu. In ta tsallake, bawul da fistin su haɗu, injin ya tafi. Da yawa an sauya musu, bakanike zai gane in ya buɗe murfin kan injin. In ba a sauya ba, kuɗin aikin ya fita daga farashi. Sai na'urar ba da mai ta Bosch, K-Jetronic, wadda ba ta son zama da tsohon fetur. Na sha ganin an cire ta an ɗora kabireta, wasu ma a sa injin Jafan dungurungum. Motar za ta yi tafiya, amma darajarta ta tarihi ta zube.

Mil 62,000 ɗin nan kada ka biya ko kwabo a kansa sai da takardun sabis. Haƙorin roba da ke juya mitar yakan karye, mota ta yi ta yawo lamba na tsaye. Gogewar robar birki da kujerar direba sun fi faɗin gaskiya.

Lissafin gyara ka yi shi a rubuce. Tayoyi huɗu, tiyon birki, wankin tanki, famfon mai, radiyeta, na'urar sanyi. Kayan injin za ka iya dacewa da wasu a kasuwar Ladipo, tunda irin injin ne na Marsandi 380SE da 380SEL. Amma robobin gilashi, fitilu, rufin yadi da kayan ado sai an yi oda daga waje da dala. Ka tabbata rufin ƙarfen da ake cirewa yana nan, ka kuma buɗe na yadin ka gani, kada ka yarda da "yana ciki". A kan jimillar da bakanike ya ba ka, ƙara kashi ɗaya cikin uku, don motar da ta daɗe a kwance ba ta nuna ciwonta duka sai ta hau titi.

Takardu kuma: lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta dace da ta takardar kwastam da ta rajista. Tunda kayan gado ne, ka nemi takardar kotu da ta ba mai sayarwa izini, ko sa hannun magada duka a gaban lauya. Ba na so ka biya mutum ɗaya, bayan wata shida ƙaninsa ya dawo daga Ingila ya ce bai sani ba.

Dillali la'adarsa na hawa ne da farashi, don haka ka zo da bakanikenka, ka biya shi daga aljihunka, a ja motar zuwa garejin da ke da rami kafin ka ba da kafin alƙalami. Sannan ka zauna da magadan da kanka, ka shimfiɗa musu takardar lissafin, su ga daga ina tayinka ya fito. Akwai yiwuwar da marayu a cikinsu, kada ka matse su don ba su san mota ba. In sun ce albarka, ka bar musu lambarka ka tafi. In kuma sun hana a kai ta rami, kada ka taya ko sisi.