Sayayya ta intanet a Ingila: me zai kare kuɗina alhali ban ga kaya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Kano na taso, kuma ban daɗe da biyo maigidana Birmingham ba. A gida idan na yi odar kaya ta waya, sai mai kawowa ya iso ƙofar gida na duba sannan nake biya, ko in tura kuɗi ga wadda na sani. A nan komai sai an biya tukuna. Ga goyo, ga sanyi, fita tana yi mini wuya, amma ina tsoron a cinye mini kuɗi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raya goyo. Tsoronki yana kan hanya. A gida sanayya ce take tsare kuɗin mutum: kin san mai kayan, kin san wanda za ki kai wa ƙara idan ta saɓa. A Ingila ba ki da wannan, amma kina da doka, kuma ƙarfin dokar ya dogara da abu biyu: wa kika saya a wurinsa, kuma ta wace hanya kika biya.

Idan daga kamfani ko ɗan kasuwa kika saya ta intanet, dokar ciniki daga nesa ta 2013 ta ba ki kwana 14 bayan kaya sun iso ki ce kin fasa, ba sai kin faɗi dalili ba. Daga nan kina da wasu kwana 14 ki mayar. Za a dawo miki da kuɗin kayan har da kuɗin kawowa na yau da kullum, sai dai kuɗin mayarwa yana iya hawa kanki. Abincin da yake lalacewa da wuri da kayan da aka ɗinka daidai awonki ba sa cikin wannan. Idan kuwa kayan sun zo da aibi, dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba ki kwana 30 ki mayar ki karɓi kuɗinki cif. Wani abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne, kaya suna wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannunki. Idan sun ɓace a hanya, shi za ki tuntuɓa, kada ya tura ki neman kamfanin da ya ɗauko. Amma idan ke da kanki kika ce a ajiye a bayan gida ko wurin maƙwabci, to kin raunana hujjarki, don haka ki yi tunani kafin ki zaɓi hakan.

Inda na fi son ki natsu shi ne hanyar biya, domin a nan mutanenmu suka fi tafka asara. Mun saba da taransfa, hannu yana yi kafin tunani ya zo. A shagon da ba ki sani ba, ki biya da kati. Idan katin bashi ne, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya sa bankin yana da alhaki tare da mai sayarwa a kan abin da farashinsa ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000. Na san da yawa daga cikinmu suna guje wa katin bashi saboda riba, kuma wannan magana ce da za ki kai wa malami. Katin banki na yau da kullum ma yana da tasa hanyar: ki sanar da bankinki cewa kaya ba su zo ba, ya nemi a juyo da kuɗin. Ba doka ce ta wajabta wannan ba, tsarin Visa da Mastercard ne, kuma yana da wa'adi, saboda haka kada ki yi jinkiri. Tun Oktoba 2024 an wajabta wa bankuna su biya mafi yawan waɗanda 'yan damfara suka yaudara suka yi taransfa, amma wannan bai shafi saɓani kan ingancin kaya ba, kuma sai an yi bincike. Idan da PayPal za ki biya, kada ki yarda a ce ki zaɓi turawa ta 'yan'uwa da abokai, domin babu kariyar mai saye a cikinta.

Kayan hannu a Vinted da eBay suna da rahusa, musamman kayan yara da rigunan sanyi, kuma ina ƙarfafa miki gwiwa. Sai dai idan mai sayarwar mutum ne kawai ba ɗan kasuwa ba, babu maganar kwana 14 ɗin nan. Ki biya a cikin manhajar. Duk wanda ya ce ku koma WhatsApp ku ƙarasa ciniki, ki rabu da shi. A Facebook Marketplace kuwa, sai kin ga kaya da idonki.

Cefane shi zai fi sauƙaƙa miki. Tesco da Asda da Sainsbury's da Morrisons duk suna kawowa gida a lokacin da kika zaɓa, kuma cefanen mako a haɗe ya fi araha saboda kuɗin kawowa. Idan abin da kika zaɓa ya ƙare sukan musanya da makamancinsa, to a nan ki buɗe ido: alawa ko yogot da aka musanya miki yana iya ƙunsar jelatin na alade. A wasu shagunan kina iya hana musanya tun wajen oda, ko ki mayar wa direba a bakin ƙofa. Nama kuwa, ni dai shawarata ku saya a wurin mahauci. Birmingham tana da shagunan halal birjik a Alum Rock da Small Heath da Sparkbrook, wasu da shaidar HMC, ƙungiyar da ke tantance halal, a ƙofarsu, kuma idan kun saba da ɗaya za ki iya tambayarsa ko yana kai wa gida.

Ki tabbata lambar unguwarki (postcode) da lambar ɗaki sun fita daidai, domin ba lallai ba ne direba a nan ya kira ki ki yi masa kwatance. Awon takalmi ma daban ne: 39 da kika sani shi ne kusan 6 a nan.

Da zarar kin fara oda, saƙonni za su fara shigowa da sunan kamfanonin kai kaya irin su Royal Mail ko Evri, wai kayanki sun maƙale, ki biya ɗan kuɗi kaɗan. Ba ɗan kuɗin suke so ba, lambobin katinki suke nema. Kada ki taɓa mahaɗin da ke ciki. Ki duba odarki a manhajar shagon, ki tura saƙon zuwa 7726 kyauta. Haka nan ki yi hattara da Klarna da Clearpay masu cewa ki ɗauka yanzu ki biya kashi-kashi. Bashi ne, kuma jinkirin biya yana iya ɓata miki suna a rajistar bashi, wadda ake iya dubawa ranar da za ku nemi haya ko layin waya na kwantiragi.

Kayan gida irin su kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, ki fara duba shagunan 'yan Afirka na nan kusa da ke kafin ki yi oda daga nesa. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa, an hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, a jaka ne ko ta gidan waya. Idan aka gani ƙwacewa za a yi, don haka ki sanar da mutanen gida tun kafin su ɗaure miki tsaraba.