Tsohon keken Singer mai moto: zai iya komawa na ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji wani tsohon keken ɗinki na Singer daga mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Baƙi ne na ƙarfe, yana cikin akwatin katako, da ɗan moto a bayansa. Moton ya ƙone, kuma ko da yana aiki, wutar unguwarmu ba abin dogaro ba ce. An ba ni shawara in sayar in sayi sabon Butterfly, ni kuwa so nake in ɗora shi a kan ƙafa in ci gaba da ɗinki da shi. Zai yiwu? Me zan saya? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta. Kada ki sayar da keken nan. Yawancin baƙaƙen kekunan Singer tun asali don ƙafa aka zana su, moton daga baya aka rataya musu. Kamfanin kan fitar da kai iri ɗaya, wato keken kansa ban da tebur da ƙafa, wani ya ɗora shi a kan ƙafa, wani ya sa masa marfin juyawa da hannu, wani ya sa masa moto. Butterfly ɗin da ake ce miki ki saya ma kwaikwayon Singer samfurin 15 ne da ake ƙerawa a ƙasar Sin, kuma wannan gata ne a gare ki, domin kayan gyaran Butterfly da suka cika kasuwanninmu da yawansu suna shiga jikin Singer 15.

Amma kafin ki kashe ko kwabo, je ki dubi wilin da ke gefen dama, wanda ake juyawa da hannu, ki ga yadda moton yake haɗe da shi. Idan moton a waje yake, an ɗaure shi da noti ɗaya a ƙarƙashin wilin, kuma ɗan bel na roba ne ke haɗa su, to aikinki mai sauƙi ne. A kwance notin, moton ya fita da wayoyinsa, kwarin da bel ɗin roba yake kwanciya a ciki shi zai karɓi bel ɗin ƙafa. Idan kuwa ba ki ga bel ba sam, sai wani ƙarfe mai kama da 'yar tukunya manne a bayan wilin, to naki irin 15-91 ne ko 201-2, waɗanda motonsu ke juya keken da haƙoran giya. Wilinsu ba shi da kwarin bel, kuma abin naɗa kwarkwaro a jikin gidan moton yake. Su ma ana mayar da su, amma sai an cire moton gaba ɗaya, an sauya wili, an nemo wani abin naɗa zare. Wannan aikin mai gyaran keke ne, kada ki taɓa shi da kanki.

Abu na biyu, ɗauko tef ɗinki ki auna gindin keken, wato shimfiɗar ƙarfen da yadi ke bi ta kanta. Samfurin 15 da 66 da 201 tsawon gindinsu kusan santimita 37 ne, faɗi kusan 18, kuma ramin teburin keken ƙafa da aka saba gani daidai wannan aka yanka shi. Amma tunda kin ce naki cikin akwati yake, yana iya zama 99K, wanda aka yi shi ƙarami don a riƙa ɗauka, gindinsa wajen santimita 30. Shi ramin zai yi masa yawa, hinjin baya ma ba za su hau ba. Maganinsa kafinta: ya yanka sabon saman tebur daidai gindin, ko ya cike ramin da katako ta ɓangaren hagu, don wilin ya tsaya a dama inda bel zai same shi. Af, in kin ga harafin K bayan lambar samfurin, keken daga masana'antar Kilbowie da ke Clydebank a Sikotilan ya fito, wadda aka rufe a 1980.

Wilin kansa yana da magana. Kekunan moto sukan zo da ƙaramin wili shafaffe, na ƙafa kuwa babba ne mai sanduna daga tsakiya zuwa baki, kuma ya fi nauyi. Nauyin nan shi ke riƙe juyin keken tsakanin taku da taku, shi ke tura allura ta huda yadi mai kauri ba tare da keken ya cije ba. Ƙaramin zai yi ɗinki, amma ni babban nake ba da shawara. Idan an sauya, a duba ko robar abin naɗa kwarkwaro tana taɓa sabon wilin, don sau da yawa ba ta kaiwa sai an daidaita ko an sauya shi. Akwai kuma 'yar washa mai kunnuwa a bayan maɓallin tsakiyar wilin. Kunnuwanta biyu na ciki waje suke kallo. Idan an mayar da ita sai wili ya riƙa juyawa allura ba ta motsi, ko allura ta ƙi tsayawa lokacin naɗa zare, a cire ta a juya ta rabin zagaye a sake sawa.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen sayen ƙafar. Kai mai kyau a kan ƙafa mai girgiɗi wahala ce kawai. In kin samu tsohuwar ƙafa ta zubin ƙarfe a wurin masu gyara, ta fi sabuwa mara nauyi, muddin ba ta tsage ba. Gwada ta babu bel: taka fedar sau biyu-uku ki ɗaga ƙafarki. Babban wilin ƙasa ya kamata ya ci gaba da juyawa shi kaɗai na ɗan lokaci, ba ƙara, ba karkacewa. In kin ji ƙwas-ƙwas, sandar da ke haɗa feda da wilin ce ta yi sako-sako, ko kusoshin da suka riƙe fedar ta gefe biyu. Ana ɗaure su kaɗan-kaɗan har ƙarar ta ɗauke amma fedar ba ta yi tauri ba. Bayan an ɗora kan, tsaya ta gefen dama ki duba: kwarin wilin sama da na ƙasa su zama a layi ɗaya. In ba su daidaita ba, bel zai yi ta faɗuwa komai yadda aka ɗaure shi.

Bel ɗin na fata ne, mulmulalle, kaurin kusan milimita 5, yakan zo da tsawon wajen santimita 180 da ɗan ƙarfen haɗi a baki ɗaya. A zagaya shi ta ramukan tebur biyu, a auna, a yanke, a huda da ƙusa siririya, a maƙala ƙarfen a matse da filaya. Ki yanke kaɗan tukuna, ragi yana yiwuwa, ƙari ba ya yiwuwa. Kada a ja shi tamau, zai sa keken nauyi; ya kama dai yadda ba zai zame ba. Sabuwar fata tana miƙewa, don haka bayan 'yan makonni za ki sake rage shi.

Keken da ya daɗe a ajiye mansa ya daskare, kuma abin da moto ke ja da ƙarfi ƙafarki ce za ta ji shi yanzu. Ɗiga kananzir a duk ramukan mai da gaɓoɓin ƙasa, ki juya, ki goge, sannan ki bi da man keke fari. Ban da man gyaɗa, ban da baƙin mai. Kada ki goge jikinsa da sipirit, yana cinye sheƙin fentin da zanen zinaren. Tsumma da ɗigon man keke sun isa.

Idan ba ki saba da keken ƙafa ba, fara ba zare, ba allura, ƙafar danne yadi a ɗage. Jawo wilin sama zuwa gare ki da hannun dama, ƙafafunki su karɓa, ɗaya a gaban feda, ɗaya a baya. Wilin Singer kullum wajenki yake juyowa. Da ya koma baya, zare zai tsinke ko ya cukurkuɗe a ƙoshiya. Sai kin iya tashi da tsayawa ba tare da ya juya baya ba sannan ki sa allura, irin HA da ake sayarwa ko'ina, lamba 14 ga atamfa, 16 ga shadda mai kauri. In kin tashi daga ɗinki, sauke bel ɗin daga babban wili saboda yatsun yara.