Taron ƙarshen shekara a ofis: in je ko in haƙura?

Tambaya: Salam Anti, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikaciya ce a wani kamfani a Kaduna, ina da aure da yara biyu. Wallahi aiki ya mana yawa, bakwai da rabi na safe ina ofis, wataran sai bayan isha'i nake shiga gida ga gosulo ga gajiya, in tarar yara har sun yi barci. Yanzu kuma an ce ranar Asabar akwai taron ma'aikata a otal, ci da sha da rabon kyaututtuka, daga la'asar har dare da kiɗa, oga ya ce kowa yake son gani. Maigida ya ce ranar hutun ma sai sun cinye? Ni kuma ina tsoron in ban je ba a sa min ido. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikis salam ƙanwata, sannu da fama. Ni dai shawarata ki je, amma da izinin maigida kuma kar ki kai dare. Irin wannan taron nan ne manya ke ganin fuskar waɗanda duk shekara sunansu kawai suke gani a takarda, in aka zo maganar ƙarin girma wanda aka sani shi ake tunawa. Ki isa da wuri, ki gaisa da oga da abokan aiki, ki zauna a yi jawabi a raba kyauta, da an kira magariba ki yi sallama ki kama hanya tun kafin a kunna kiɗa. Ki sanar da shugaban sashenku tun ranar Alhamis cewa haka za ki yi saboda yara. In an yarda a zo da iyali to ki roƙi maigida ya raka ki, ganin wurin da idonsa zai kwantar masa da hankali fiye da duk bayanin da za ki yi.

Amma gaskiya ba taron ne ya fi damuna ba, wannan dawowar bayan isha'in ce, kuma ita ce ke cin maigidanki a rai, da kina shigowa gida da wuri ba zai ɗaga murya kan yini ɗaya ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ke aikin awa 6 ko fiye a rana a ba shi hutun aƙalla awa 1, a kowane kwana 7 ya samu hutun awa 24 cur, in ya cika wata 12 yana aiki kuma yana da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 6 da albashinsa. Sai dai dokar ta fi shafar ƙananan ma'aikata, masu riƙe da muƙamin gudanarwa abin da ke cikin takardarsu ta ɗaukar aiki shi ake bi. Don haka ki ɗauko taki ki karanta da kyau, ƙarfe nawa aka rubuta ana tashi, akwai kuɗin obataim ko babu, kwana nawa ne hutunki, don da yawanmu hannu kawai muka sa ba mu karanta ba saboda murnar samun aiki.

Kar ki ta da maganar a wurin taro ana cikin raha. Ki bari sai an dawo aiki a Janairu, ki samu sashen kula da ma'aikata cikin ladabi da takardar a hannunki, in akwai wasu da abin ya dama ku tafi tare, ku nemi ko da kwana biyu ne a sati a riƙa sallamarku kan lokaci.